Idan mai shanyewar ɓarin jiki ya fara sambatu a gadon asibiti

A dare na uku da kwantar da kawuna a asibiti, wajen ƙarfe biyu, ya ɗaga kai ya dubi babban ɗansa da ke zaune kan tabarma a gindin gado, ya ce: « Malam, wa ya ba ka izinin shigo mini ɗaki? » Ɗan ya yi dariyar yaƙe ya ce: « Baba, ni ne fa. » Tsohon bai shaida shi ba. Ya sa hannun dama, wanda ciwon bai taɓa ba, ya fizge robar ƙarin ruwa, jini ya ɓata zanin gado, ya ce a miƙo masa takalmansa zai tafi gona, wai shanu sun shiga masa gero. A watan Afrilu ne, ko karan gero babu a daji.

Da gari ya waye likitoci suka zo zagaye, sai ga shi ya gaishe su da kyau, ya faɗi sunansa da na garinsu, har ya tambayi babban likitan lafiyar iyali. Aka rubuta a takarda cewa yana samun sauƙi. Mu da muka kwana da shi muka dubi juna, ba wanda ya ce uffan. Kunya ta hana. Wa zai buɗe baki a gaban baƙi ya ce dattijon gida ya kwana yana sambatu?

A ƙarƙashin itacen da masu jinya ke fakewa a farfajiyar asibiti kuwa, magana ta rabu uku. Gwaggo ta ce iska ce, a nemo malam. Wani ɗan uwa da ya daɗe a Yamai ya ce ƙwaƙwalwa ce ta taɓu, ƙarshenta sai Pabiyon E, sashen masu taɓin hankali. Sauran suka yi shiru irin na waɗanda suka fara tunanin likkafani. Duk cikinmu ba wanda ya kawo a ransa cewa tsohon ya yi kusan yini biyu bai yi fitsarin kirki ba, kuma kunun da muke ɗura masa yana kwance yana bi ta hanyar numfashi. Majon sashen ce ta gano haka a kwana na biyar, da ta taɓa mararsa ta ji ta yi tauri kamar tulu, ta kuma auna zafin jikinsa.

Garmar da ta kauce wa kunya

Abin da ya same shi sananne ne a likitance. Likitocinmu da suka yi karatu da Faransanci suna ce masa « confusion mentale » ko « syndrome confusionnel », sauran duniya kuma ta fi saninsa da « delirium ». Kalmar daga Latinanci ta fito, asalinta kuma na manoma ne: « lira » ita ce kunyar gona, « delirare » kuwa shi ne garma ta kauce daga layinta. A Hausa za mu ce ruɗewar farat ɗaya. Mutum ne da jiya yake cikin hankalinsa, yau cikin ƴan awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu ya kasa tsayar da tunaninsa wuri guda, ya manta inda yake, ya rikita dare da rana, wani lokaci ya riƙa ganin abin da babu.

Abin ba kaɗan ba ne. A shekarar 2019 masu bincike a jami'ar Gilasgo da ke Sukotlan sun tattara sakamakon bincike 32 da aka yi kan mutum fiye da dubu 6 masu shanyewar ɓarin jiki, wato ciwon da muke ji ana kira AVC, suka tarar kashi 25 cikin 100 sun shiga wannan hali a kwanakin farko. Ke nan a ɗaki mai gado takwas, a sa ran biyu. Kafin nan, a 2012, wasu likitoci a Toronto ta ƙasar Kanada sun nuna cewa masu AVC da suka ruɗe, haɗarin mutuwarsu a asibiti ya ninka na sauran kusan sau biyar, kuma zamansu a gado yakan ƙaru da kimanin kwana tara. Gaskiya ne cewa waɗanda ciwonsu ya fi tsanani su ne suka fi ruɗewa, don haka ba duka laifin ne za a ɗora wa ruɗewar ba. Amma duk wanda ya taɓa jinya a Babban Asibitin Damagaram, ko Asibitin Referans na Maraɗi, ko na Tawa, ya san abin da ƙarin kwana tara ke nufi: odonas a kan odonas, kwanon abinci safe da yamma, shago a rufe, ƴan uwa na kwana a waje cikin sauro.

Akwai kuma dalilin da ya sa lamarin ya fi shafarmu. AVC iri biyu ne: ko gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe jini ya kwarara a ciki. A Turai irin na biyu bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Amma babban binciken SIREN da aka yi a Gana da Najeriya, har da asibitocin Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya tarar kashi 32 cikin 100 fashewar jijiya ce, kuma hawan jini ne babban mai laifi. Masu fashewar jijiya suna cikin waɗanda suka fi shiga ruɗewa. Tsakanin Kano da Maraɗi ko Damagaram, abinci ɗaya ne, gishiri ɗaya ne, sakacin awon tansiyo ma ɗaya ne.

Mai hayaniya da mai shiru

Babbar alamar wannan ruɗewa ita ce ba ta tsayawa wuri ɗaya. Takan zo ta tafi cikin yini guda, kuma ta fi tsananta daga faɗuwar rana zuwa asuba. Shi ya sa likitan da ya ga maras lafiya na minti biyar da hantsi yana iya tafiya da tabbacin komai lafiya, alhali an kwana ana kokawa. Likita yana ganin hoto ɗaya ne, mai jinya shi ke ganin fim ɗin gaba ɗaya. Idan mai jinya ya yi shiru, labarin ya ɓata.

Irin na kawuna, mai ihu da fizge-fizge da neman sauka daga gado, shi ne wanda kowa ke gani. Yana da ban tsoro, amma aƙalla yana tara jama'a. Wanda ya fi ɓuya shi ne kishiyarsa. Maras lafiya ya yi lamo, yana ta gyangyaɗi, an yi masa magana ya buɗe ido ya amsa da kalma ɗaya ya koma, abinci a gabansa bai kula ba, ido a buɗe amma ba ya bin mai magana. Ƴan uwa su ce: « Alhamdu lillahi, yau ya samu barci. » Ma'aikatan jinya da aiki ya yi wa yawa su ma su gode wa Allah da samun gado ɗaya da ba ya kiran su. Alhali a cikin kansa ruɗewar ɗaya ce, har da gane-gane da tsoro, sai dai ba shi da ƙarfin nunawa. Wannan nau'i shi ne aka fi kasa ganowa, ya fi kama tsofaffi, kuma ƙarshensa ya fi muni, domin mai shi ba ya ci, ba ya sha, ba ya motsi, gyambon kwanciya da ciwon huhu suna samun wuri. Da yawa kuma sukan haɗa biyun: rana lamo, dare tashin hankali.

A ganina, da za a koya wa masu jinya abu ɗaya tak, to wannan ne: yawan barcin da ba a saba gani ba ga mai AVC abin faɗa wa likita ne, daidai da ihu.

Abubuwan da ake rikita shi da su

Ga mai AVC gano ruɗewa ya fi wuya fiye da ga sauran marasa lafiya, saboda ciwon kansa yana taɓa magana da fahimta. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu AVC suna samun abin da ake kira « aphasie », wato lalacewar harshe, galibi idan ɓarin dama na jiki ne ya shanye, domin cibiyar magana tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ga mafi yawan mutane. Wani ya san abin da yake son faɗa amma kalmar ta ƙi fitowa. Wani kuma magana na zuba kamar famfo amma ba ta da kai ba ta da gindi, irin wadda likitan Jamus Carl Wernicke ya bayyana tun 1874. Mai jin sa zai rantse ya haukace. Amma duba shi da kyau: yana bin ka da ido, ya gane matarsa, an miƙa masa buta ya san abin da ake yi da ita, kuma yadda yake da safe haka yake da dare. Hankalinsa na nan, ƙofar fita ce ta toshe.

Wanda ɓarin hagu ya shanye kuma yana iya mantawa da duk abin da ke gefen hagunsa. Ya ci rabin tuwo ya bar rabi, ya ƙi juyowa ga mai yi masa magana ta hagu, har ya musanta cewa hannun nasa ne ko ya ce lafiyarsa lau. Wannan ma raunin ƙwaƙwalwa ne na wuri guda, ko da yake masu irin wannan ciwo suna cikin waɗanda ruɗewa ta fi kamawa.

Gigin tsufa shi kuma a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Taɓin hankali irin na Pabiyon E ba kasafai yake farawa rana tsaka ga ɗan shekara 70 da bai taɓa yin sa ba. Abin da ke raba su da ruɗewar farat ɗaya shi ne tambaya guda: yaya yake a makon jiya, yaya yake jiya? Skanar ba ta amsa wannan tambaya. Matarsa ko ƴarsa ce ke da amsar.

Daga ina take zuwa

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijen da jiki ke amfani da ita. Ba ta da rumbun ajiya. Lafiyayyar ƙwaƙwalwa tana jure zazzaɓi ko kwana biyu ba barci. Wadda AVC ya raunata kuwa kamar tiransifoman unguwa ne a tsakiyar bazara: ƙarin fanka ɗaya ya isa ya kashe wutar kowa. Shekaru, raunin gani ko na ji, mantuwar da ta riga ta fara kafin ciwon, da girman wurin da ya lalace, su ne ke sa mutum ya zama a bakin gaɓa. Abin da ke tura shi kuma sau da yawa ƙaramin abu ne mai magani.

Na farko a jerin shi ne ƙwayar cuta, musamman a huhu. Kusan rabin masu AVC suna samun matsalar haɗiya a kwanakin farko. Ruwa ko kunu ko fura ya bi ta maƙogwaron iska, wani lokaci ba tare da ko tari ba, bayan kwana ɗaya ko biyu sai zazzaɓi da saurin numfashi. Ga tsoho, ruɗewa tana iya riga zazzaɓin bayyana. Sai ciwon mafitsara, wanda robar fitsari da ta daɗe a jiki ke jawowa. Ga mu nan kuma ba a mantawa da masassarar cizon sauro: mutum yana iya zuwa da AVC da palu a tare, ko ya kamu da ita a asibitin.

Sai fitsarin da ya ƙi fita da bayan gidan da ya taru. Abin kamar wasa, amma mafitsara cike ga mutumin da ba ya iya faɗin abin da ke damunsa ta isa ta sa shi ya tayar da ɗaki. Dattijo mai kunya wanda ƴarsa ko surukarsa ke jinya yana iya matse fitsari na awoyi don kada a sa masa fo a gaban mutane. Wannan ya kamata iyali su yi tunaninsa tun wurin zaɓen wanda zai kwana da shi. Ciwo ma haka: kafaɗar da ta shanye ana jan ta wurin tayar da shi, ko bayan da ya fara salewa.

Ƙishirwa tana da nata kaso, balle a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Wanda ba ya iya haɗiya, ba ya iya miƙa hannu ga moɗa, yana zufa yini guda, jikinsa yakan bushe, gishirin jininsa ya rikice, ƙoda ta fara gazawa. Sukarin jini kuma ko ya hau ko ya sauka. Mai ciwon sukari da ya daina cin abinci amma ana ci gaba da ba shi ƙwayoyinsa ko allurar insulin, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa warwas. Awon wannan a ɗan yatsa minti ɗaya ne, gyaransa ma nan take ne, jinkirinsa kuwa yana lalata ƙwaƙwalwa.

Magunguna su ma suna cikin manyan masu laifi. Maganin barci irin su diyazefam, wanda aka fi sani da Valium, da tiramol, da wasu magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci irin su furometazin, da kortizon mai yawa, duk suna iya ruɗa tsoho. Haka ma yanke abin da jiki ya saba da shi. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum, idan aka kwantar da shi ya daina farat ɗaya, bayan kwana biyu zuwa uku yana iya fara karkarwa, zufa, gane-gane, har da jijjiga, kuma wannan yana kisa. Mai shan tiramol ko ƙwayar barci daga masu tallan magani a faranti shi ma yana shiga wani hali idan an yanke masa. Na san maganar tana da nauyi a garuruwanmu. Amma a ja likita gefe a faɗa masa a asirce ya fi a rufa asirin da zai kai mutum kabari, domin maganin wannan nau'i daban yake da na sauran.

Na ƙarshe, kuma mafi gaggawa, ita ce ƙwaƙwalwar kanta. Jinin da ya zuba yana iya ƙaruwa, wata jijiyar tana iya sake toshewa, wurin da ya lalace yana kumbura, kumburin kuma yakan kai ƙololuwa tsakanin kwana na 2 da na 5. Akwai kuma farfaɗiyar da ba ta jijjiga jiki, sai dai mutum ya ƙura ido ya ɗauke. Idan ruɗewa ta zo da amai, ko ciwon kai mai tsanani, ko sabon rauni a hannu ko ƙafa, ko barcin da aka kasa tayar da shi daga ciki, ba a jiran zagayen safe. A taso mai gadi na dare ko ƙarfe nawa ne, ko da zai ɓata rai.

Awon da ba ya bukatar na'ura

A 1990 wata likitar tsofaffi a jami'ar Yale ta Amurka, Sharon Inouye, ta fitar da hanyar ganewa da ake kira CAM, wadda har yau ake aiki da ita a duniya. Tambayoyi huɗu ne. Canjin ya zo farat ɗaya, yana hawa yana sauka? Mutumin ya kasa mayar da hankali? Tunaninsa ya watse? Farkawarsa ta canza, ko yawan barci ko zabura? Idan na farko da na biyu sun tabbata, tare da ɗaya daga cikin biyun ƙarshe, to ruɗewa ce. Daga baya likitoci a Edinbara suka fito da wani awon mai suna 4AT, wanda ba ya wuce minti biyu: a tambayi mutum shekarunsa, ranar haihuwarsa, inda yake, shekarar da ake ciki, sannan ya lissafo watannin shekara daga Disamba yana komawa baya.

A nan dole mutum ya yi murmushi. Dattijon da katin ɗan ƙasarsa ke ɗauke da « né vers 1950 », wanda ke lissafin shekara da azumi da damina, zai faɗi wannan jarrabawa ko da lafiyarsa ƙalau. Dabarar ce abin ɗauka, tambayoyin kuwa sai a mayar da su namu. A ce ya jero ranakun mako daga Juma'a yana komawa baya: Alhamis, Laraba, Talata. A tambaye shi wace salla aka yi ta ƙarshe, wane gari ake, wace ce wannan da ke zaune kusa da shi. Mai ruɗewa yakan fara daidai, sai ya ɓace a tsakiya, ko ya kama wata magana, ko barci ya ɗauke shi. Ga wanda harshensa ya lalace, sai a duba ko yana bin mai magana da ido, ko yana kwaikwayon abin da aka nuna masa da hannu. Mai jinya yana iya yin wannan safe da yamma, ya riƙe a kansa ko ya rubuta a waya: ƙarfe nawa abin ya fara, yaushe ya yi fitsari na ƙarshe, yaushe ya yi bayan gida, me ya ci, wane sabon magani aka fara.

Abin da ke hannun iyali

Maganin ruɗewa shi ne a nemo abin da ya tayar da ita a gyara. Wannan aikin likita ne: awon zafin jiki, sukari, oksijen, jini da fitsari, sauraron ƙirji, duba jerin magunguna, wani lokaci a sake skanar. Amma rigakafi da yawansa a hannun masu jinya yake. A 1999 ita dai Sharon Inouye da abokan aikinta sun gwada wani tsari kan tsofaffi 852 da aka kwantar a asibiti. Ba sabon magani a ciki: tunatar da mutum rana da wuri, kare masa barcin dare, tayar da shi ya motsa, mayar masa da tabaransa da na'urar ji, da tabbatar da ya sha ruwa. Ruɗewa ta sauka daga kashi 15 cikin 100 zuwa kashi 9,9. Ba masu AVC ne aka yi gwajin a kansu ba, amma sassan AVC a ƙasashe da dama sun ɗauki darasin. A can sai an nemo ƴan sa-kai su yi wannan aiki. Mu nan kowane gado yana da mutum biyu ko uku na gida, abin da ya rage a gaya musu abin da za su yi.

Da rana a buɗe taga haske ya shigo, a zaunar da shi idan likita ya yarda, a yi masa hira da muryar da ya sani. Kiran salla agogo ne da ya fi na bango: « Baba, an kira Azahar, yau Laraba, muna asibiti, kwananka huɗu. » A maimaita ba gajiya. Da dare a kashe rediyo, a rage haske, a fita waje da hirar waya. Idan ya ce ga shanu a ɗaki, gardama ba ta da amfani, biye masa ma haka. A riƙe hannunsa a ce: « Na ji, Baba, ina nan tare da kai, an kula da gonar. »

Dubiya hakki ce, ba mai musun haka. Amma mutum ashirin kewaye da gado, kowa na tambayar « Ka gane ni? », azaba ce ga ƙwaƙwalwar da ke fama. A bar fuska biyu ko uku da ya saba da su, sauran su gaida iyali a waje, ladansu na nan.

Kada a ba shi komai ta baki, ko ruwa ne, sai ma'aikacin lafiya ya gwada haɗiyarsa. Idan an yarda, a zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan yana farke, a bar shi a zaune kamar rabin awa bayan ya gama, a wanke masa baki. Ya yi tari ko muryarsa ta koma kamar mai kurkure, a tsaya. Wannan ya haɗa da rubutu da jiƙo. Addu'a a kunnensa ba ta hana aikin likita, takan ma kwantar masa da hankali, rubutu kuma ana iya shafa masa a jiki. Amma ɗura ruwa, kowane iri ne, a bakin wanda ke gyangyaɗi hanya ce ta kai shi huhu. Idan likita ya ce a sa robar abinci ta hanci, ba alamar an fid da rai ba ce.

Saura ɗauri da allurar barci, abubuwa biyu da iyali da kansu ke roƙo idan dare ya yi tsawo. Wani bincike na 1996 ya sa ɗaure maras lafiya a gado cikin manyan abubuwa biyar da ke tayar da ruɗewa a asibiti, tare da rashin abinci mai gina jiki, robar fitsari, ƙara magunguna fiye da uku a lokaci guda, da illar da jinyar kanta ke jawowa. Ka yi tunanin ka farka a wurin da ba ka sani ba, hannunka ɗaya ya mutu, ɗayan an ɗaure shi da ƙyalle. Allura kuma tana sa shiru ne kawai. Wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2018, kan mutum fiye da 500 a sashen reyanimasiyo, ya nuna haloferidol bai rage tsawon kwanakin ruɗewa ba idan aka kwatanta da ruwan allura zalla. Likita yana iya ba da ɗan kaɗan na gajeren lokaci idan mutum zai ji wa kansa ko wasu rauni, wannan hukuncinsa ne. Amma Valium ga tsohon da ya ruɗe, in ba don yanke giya ko farfaɗiya ba, yakan ƙara dagula lamarin, ya kuma ɓoye alamar da za ta nuna ƙwaƙwalwa na kumbura.

Bayan sallama

Ga wasu abin yakan wuce cikin ƴan kwanaki da an gyara musabbabin. Ga tsofaffi yana iya ja har makonni, wasu har watanni, kuma waɗanda suka shiga wannan hali sun fi sauran fuskantar ciwon mantuwa daga baya. Don haka a gaya wa likitan da zai ci gaba da duba shi cewa ya ruɗe a asibiti, a sa a takardarsa. Idan ruɗewar ta dawo a gida, ko ya koma yawan barci, a kai shi CSI mafi kusa ko asibiti a ranar, tare da ledar magungunansa duka, na likita da na kasuwa.

Kawuna an sa masa robar fitsari ta kwana biyu, aka fara masa allurar ciwon huhu, aka hana mu kunu sai da cokali yana zaune. A kwana na takwas ya kira babban ɗansa da sunansa na yara, ya tambaye shi wa ke tsaron shago. Watanni bayan haka, muna zaune a zaure yana motsa hannun hagu da ƙwallon roba kamar yadda mai kine ya koya masa, na tambaye shi ko yana tuna waɗancan darare. Ya ce shanun bai tuna su ba. Abin da ya tuna shi ne wani dogon mutum siriri da ya tsaya masa a kai dare uku, bai yi sallama ba, bai zauna ba, kuma duk cikinmu ba wanda ya kore shi. Ƙarfen rataye ledar ƙarin ruwa ne.